Yadda Ake Kai Matsoraciyar Kyanwa Wurin Likita Ba Tare da An Yi Dambe Ba

Marka muka sa mata suna, don a markar watan Agusta muka tsince ta ƙarƙashin wata matacciyar mota a garejin makanikai da ke bayan layinmu a Rikkos, cikin Jos. Ba ta wuce cikin tafin hannu ba, ta jiƙe sharkaf, amma ko a hakan sai da ta yi mini huci. Yau shekararta shida a gidan, kuma har gobe idan baƙo ya yi sallama, wucewar wutsiyarta kawai za ka gani.

Ranar da na fara kai ta wurin likita, a buhun shinkafa na jefa ta na ɗaure baki, kamar yadda na ga ana yi wa kaji. Muna cikin keke a titin Bauchi ta yage buhun, na kai hannu in tare, ta nutsa mini haƙori a babban yatsa. Mai keken ya taka birki ya waiwayo ya ce, "Alhaji, don girman Allah mene ne a cikin buhun nan?" Da muka isa, likita bai iya ko buɗe bakinta ba. Ni na ƙare da allurai, ita kuma ta kwana uku a bayan kabad ba ci ba sha. Daga wannan ranar ne na fara koyon abin da zan faɗa a nan, wani daga bakin likitoci, wani daga tabon da ke hannuna.

Abu na farko da ya kamata mai irin wannan kyanwa ya sani shi ne tsoron nata ya riga ya zauna. 'Yar kyanwa tana koyon sabo da mutane ne tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa. Wadda ta yi waɗannan makonnin a kwata ko a gareji, ba hannun da ya taɓa ta sai jifa, da wuya ta zama mai hawa cinyar kowa. Tana iya sakewa da mutum ɗaya ko biyu, shi ke nan. Don haka kada ka sa rai za ka sauya mata hali. Abin da za ka iya shi ne ka gane ciwonta da wuri, ka kuma kai ta inda za a duba ta ba tare da ta fita hayyacinta ba.

Ka zama idon likita tun daga gida

Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, domin a daji dabbar da ta nuna rauni ita ake ci. Matsoraciya kuwa ta ninka, tunda dama ɓuya ce sana'arta. Lafiya ƙalau tana bayan kujera, ciwo ya kama ta tana bayan kujera. To ta ina za ka gane?

Ta kwano da yashi. Ka daina cika mata kwano a bar shi yini guda. Ka auna abincin, safe da yamma, ka ga abin da ya rage. Ko da tana fita tsakar gida, ka aje mata faffaɗan baho da yashi mai laushi a lungun da ba a yawan bi, ka riƙa kwashewa kullum kana dubawa: kashin ya yi tauri ko ruwa, akwai jini, akwai fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa (tsutsar ciki ke nan, kuma galibi ta hanyar ƙuma take shiga), fitsarin ya ƙaru ko ya ragu. Idan kyanwowin biyu ne, baho uku ake so, don mai ƙarfi kan tsare hanya ta hana matsoraciyar zuwa.

Sai numfashi. Ka bari ta yi barci sosai, ka tsaya daga nesa kana kallon haƙarƙarinta, ka ƙirga tashi da saukarsa na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Mai lafiya ba ta cika wuce 30 a minti ɗaya ba idan tana barci. Ka yi haka sau biyu ko uku tana lafiya don ka san nata lissafin. Nauyi ma haka: sau ɗaya a wata ka auna ta tana cikin akwatin da ake ɗaukarta da shi, ka cire nauyin akwatin. Yawancin manyan kyanwowi suna tsakanin kilo 3 da 5, kuma raguwar rabin kilo a jiki irin wannan babban abu ne, ko da ido bai nuna ba saboda gashi.

Ni littafin makaranta mai shafi arba'in na ware mata. Yaran gida suna yi mini dariya wai Marka ta fi su rajista. Amma littafin nan da wayata su suke magana a madadinta a gaban likita. Duk abin da ka ga ya saɓa, ɗingishi ne, tari ne, yunƙurin amai ne, ka ɗauki bidiyonsa daga inda kake zaune. A asibiti tsoro zai sa ta dunƙule wuri ɗaya, ɗingishin ma ba za a gan shi ba.

Kada kuma wannan ƙarar da take yi a maƙogwaro kamar ƙaramin inji ta ruɗe ka. Tana yin ta idan ta ji daɗi, tana kuma yin ta idan tana cikin azaba.

Abin da ba a kwana da shi

Akwai alamomin da idan ka gan su, maganar lallaɓawa ta ƙare, a tawul ma sai ka naɗe ta ku tafi. Muzurun da ke ta zarya zuwa yashi yana tsugunawa yana nishi, fitsari ba ya fita ko yana ɗiga da jini, yana yawan lasar gabansa, mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe. Wannan kan kashe cikin kwana biyu ko uku, kuma mutane kan ɗauka taurin bayan gida ne su tsaya jira. Matsorata sun fi faɗawa ciwon mafitsara, domin fargaba kanta tana kumbura ta. Na lura a Jos hakan ya fi tasowa a ƙarshen Disamba, lokacin da yara ke ta fasa abin fashewa dare da rana, sannan sanyin hunturu ya sa kyanwa ta rage shan ruwa, ko kuma da Sallah idan gida ya cika da baƙi.

Haka numfashi da baki buɗe kamar kare, dasashi ya yi fari fat ko shuɗi ko ruwan ƙasa, amai babu ƙaƙƙautawa, ƙafafun baya su mutu farat ɗaya, ko dalala da karkarwa. Sai ƙin cin abinci. Kyanwar da ta yi awa 24 ba ta ci komai ba, a kira likita. Idan ta kai kwana biyu zuwa uku, musamman mai ƙiba, kitse kan taru ya cushe hantarta, ciwon da ya hana ta ci ya zama ƙarami a kan wanda yunwar ta jawo.

Bari in tsaya a nan in roƙi arziki. Kada ka ba kyanwa farasitamol, ko ɓallin ƙwaya ne. Hantarta ba ta da abin da ke narkar da shi, yana lalata jininta, fuska ta kumbura, ta mutu kana ganin taimako ka yi. Ibuprofen ma guba ne gare ta. Maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin permethrin yana sa ta farfaɗiya. Ota-fiya-fiya da Sniper kuwa ba sai an faɗa ba, amma mutane kan manta cewa kyanwa tana taka inda aka fesa sannan ta lashe ƙafarta. Haka abin goge ƙasa irin su Izal da Dettol. Albasa da tafarnuwa suna fasa mata ƙwayoyin jini, don haka kilishi, tsire da romon miya ba nata ba ne, duk yadda ta kai ga kallonka.

Akwati: nan aikin yake

Wanda ya tsallake wannan matakin, sauran duk wahala ce. Ka nemi akwatin roba na ɗaukar dabba, irin mai gida biyu da ake iya ɓalle na sama a ɗage shi kamar murfin kwano. Shagunan kayan dabbobi suna sayarwa, a 'yan gwanjo ma akan dace. Idan bai samu ba, kwandon roba mai ƙarfi da murfin da za a iya ɗaurewa ya fi kwali, don kwali fitsari ɗaya ke narkar da shi. Buhu kuwa ka ji labarina.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne a jefa akwatin a sito, sai ranar asibiti a kakkaɓe shi a fito da shi. Kyanwa ba ta mantuwa. Da ta ji ƙarar ƙofarsa ta san kwanan zancen. Ka sa shi ya zama kayan ɗaki. Ka cire ƙofar, ka cire saman, ka bar gindin kawai a wurin da dama take son kwanciya, ka shimfiɗa tsohuwar rigarka da ba a wanke ba ko zanen da ta saba hawa. Kada ka ɗauke ta ka saka ta. Kada ma ka nuna ka san da shi.

Bayan kwana biyu ka fara aje abin kwaɗayi a bakinsa: tsokar kaza da aka dafa da ruwa zalla, ko ɗan kifi da aka cire wa ƙaya. Kullum kana matsar da shi ciki kaɗan. Ranar da ka tarar tana barci a ciki da kanta, ka mayar da saman. Za ta yi fushi ta ƙaurace na kwana ɗaya ko biyu, ka ƙyale ta. Idan ta koma, ka mayar da ƙofar amma ka ɗaure ta a buɗe don kada ta buga ta firgita. Daga nan sai rufewa na daƙiƙa biyar tana cin abinci, ka buɗe kafin ta nema. Sai minti ɗaya. Sai ka ɗaga akwatin ka zagaya falo ka sauke. Sai fita ƙofar gida a dawo. Duk inda ta ƙi, ka koma matakin baya ka ƙara kwana.

Marka sai da ta ci mana mako bakwai. Sannu ba ta hana zuwa. Cikin hunturun Jos abin ya zo da sauƙi, don na sa akwatin inda rana ke faɗowa ta taga da hantsi, sanyi ya yi mini rabin aikin. Idan kana iya samun feshin Feliway, wanda ke kwaikwayon ƙamshin da kyanwa ke gogawa da kumatunta a jikin abin da ta amince da shi, ka fesa a shimfiɗar minti 15 kafin ta shiga, don warin barasar da ke ciki ya fita. Wasu yana yi musu aiki, wasu ko a jikinsu.

Kira kafin ka je

Mu a Jos mun yi sa'ar likitocin dabbobi. Ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa a Vom, wadda ke nan tun 1924 tana haɗa allurar rigakafi, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ga masu zaman kansu daga cikin gari har Bukuru. Sai dai yawancin abin da ake kai musu karnuka ne, kaji, awaki da raguna. Don haka ka yi tambaya kai tsaye: "Likita, kuna yawan duba kyanwa? Tawa matsoraciya ce, tana cizo." Faɗin haka ba abin kunya ba ne, shi zai sa a shirya. Ka nemi a ba ka lokacin da babu layi, galibi farkon buɗewa. Allurar da akan shirya wa jama'a a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare, abu ne mai kyau, amma filin da karnuka hamsin ke haushi ba wurin matsoraciyar kyanwa ba ne. Gara ka biya a yi mata ita kaɗai.

A wannan kiran ne za ka tambaya game da gabapentin. Ƙwaya ce da likitoci ke bayarwa a sha a gida kamar awa biyu kafin a fita, tana kwantar da fargaba ba tare da ta sumar da dabba ba. Likita ne zai yanke adadin bisa nauyinta, kuma yakan rage wa mai ciwon ƙoda, saboda haka kada ka shiga kemis ka yi kintace. Ka gwada ta wata rana daban tukuna ka ga yadda za ta karɓe ta. Takan sa tangaɗi da barci na wasu awoyi, sai a hana ta hawa katanga ko saman kabad. A wurina wannan ƙwayar ce ta raba dambe da duba lafiya.

Akwai likitocin da ke zuwa gida. Don allura ko duba sama-sama hakan ya yi, in dai ka riga ka killace ta a ƙaramin ɗaki kafin ya iso. Amma ga gwajin jini ko hoto, asibiti dole ne. Ni ma dai ban cika son a kama ta a ɗakin da take ɓuya ba, don shi kaɗai ne wurin da ta yarda da shi a duniya.

Ranar tafiya

Tun da dare ka sa ta kwana a ɗakin da ba shi da ƙarƙashin gado ko bayan kabad. Da safe kada ka cika mata ciki, don rage amai a hanya kuma don kifin da za ka riƙe ya yi daraja. 'Yar ƙarama ko mai ciwon sukari kuwa, ka bi abin da likita ya ce. Ka gargaɗi yara kada kowa ya bi ta da gudu. Idan ta shiga da kanta, madalla. Idan ta ƙi, ka jefa mata babban tawul daga baya ya rufe har kai, ka tattaro ta da shi, ka sauke ta cikin gindin akwatin ka mayar da saman. Idan akwatin ba ya ɓallewa, ka jingina shi ƙofa na kallon sama, ka zura ta ta baya, ƙafafu su fara shiga. Sau ɗaya ake yi, da natsuwa. Idan ta kuɓuce sau biyu kuma ba gaggawa ba ce, ka ɗage tafiyar.

Ka lulluɓe akwatin da zane mara nauyi, ka rungume shi ta ƙasa da hannu biyu, kada ka riƙe mariƙin kana lilo da shi kamar jakar cefane. A mota, ƙasa bayan kujerar gaba ya fi aminci. A kashe rediyo. A keke kuwa ka ɗauki shata, ka ɗora shi a cinya, ka ce wa mai keken ya bi ramuka a hankali. Za ta yi kuka. Kada ka buɗe don ka lallashe ta, kada ka zura yatsa. Wanda ke Abuja ya kula da zafin Maris da Afrilu: ko na minti biyar kada a bar ta cikin mota a rufe.

Da kun isa, kada ka aje akwatin a ƙasa inda kare zai zo ya shinshina. Ka ɗora shi a benci ko ka riƙe, a lulluɓe, ko ka tsaya a waje har a kira ka. A ɗakin dubawa ka tabbata an rufe ƙofa da taga kafin a taɓa akwatin. Ka roƙi a ɓalle saman a duba ta tana zaune a gindin, tawul a kanta, a riƙa buɗe inda ake buƙata kawai. Kada a girgiza akwatin don ta faɗo, kada kuma a ɗaga ta da fatar ƙeya. Uwa tana yi wa jariranta haka, amma ga babbar kyanwa ciwo ne da firgici. Idan ta fara numfashi da baki ko ta saki fitsari, ka ce a dakata. Likita nagari da kansa zai ce gara a yi mata allurar barci a yi aikin a tsanake.

Ka tuna tsoro yana ɓata awo. Zafin jikinta na ƙa'ida yana tsakanin digiri 38 da 39.2, amma fargaba kan ɗaga shi, ta ɗaga bugun zuciya, har sukarin jini kan hau ya yi kamar ciwon sukari. A nan littafinka zai yi rana. Kuma tunda an sha wahalar zuwa, a haɗa komai: rigakafin haukan kare, na murar kyanwa da cutar amai da gudawa mai kashe ƙanana, maganin tsutsa, duba haƙori da kunne, yanke farce.

Idan ta cije ka ko ta yaƙushe ka har jini, ka wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ka je asibitin mutane a ranar. Haƙorinta siriri ne, ramin kan rufe da ƙwayar cuta a ciki.

Bayan an dawo, da maganar ba da magani

Ka kai akwatin ɗakinta, ka buɗe ƙofar, ka aje ruwa da abinci da yashi kusa, ka fita. Kada ka jawo ta. Idan akwai wata kyanwa a gidan, ka raba su na yini ɗaya, domin warin asibiti kan sa 'yar'uwarta ta ɗauke ta baƙuwa ta far mata. Goga musu tsumma ɗaya a kumatu yana taimakawa.

Magani kuwa, tun a asibiti za ka faɗi gaskiya. Idan ka san ba za ka iya ba ta ƙwaya sau biyu a rana har mako guda ba, ka ce ba za ka iya ba, a duba ko akwai allura mai daɗewa a jiki, ko na ruwa, ko na ɗigawa a ƙeya. Idan ƙwayar ce dole, ka fara gwada cusa ta cikin ɗan dunƙulen kifi, ka ba ta ɗaya babu komai, na biyu da magani, na uku babu komai. Kada ka barbaɗa a babban kwanonta, don in ta ji ɗaci tana iya ƙaurace wa abincin gaba ɗaya. Kada kuma ka niƙa sai ka tambaya.

Idan dabara ta ƙi, ka durƙusa a ƙasa, ka naɗe ta da tawul har wuya, bayanta a tsakanin gwiwoyinka don kada ta ja da baya. Hannu ɗaya ya riƙe kan ta saman kumatu ya ɗaga hancin sama, muƙamuƙin zai saki da kansa, ɗaya hannun ya jefa ƙwayar can ƙarshen harshe. Ka rufe bakin ka shafa maƙogwaro. Idan ta lashi hancinta, ta haɗiye. Ka bi da ɗan ruwa a sirinji mara allura ta gefen baki, sannu a hankali, domin wasu ƙwayoyin, irin su doxycycline, idan suka maƙale a hanyar abinci suna ƙona ta. Kada ka yi wannan aikin a cikin akwatin ko a wurin ɓuyarta, kuma a gidanmu mun raba: ni ne mugun mai ba da magani, uwargida ce mai kawo kifi, don a bar mata mutum ɗaya da ba ta zargi.

Akwatin kuma a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi a ranar, don warin tsoronta na manne a jiki. Idan ya bushe, a sa sabuwar shimfiɗa, a cire ƙofar, a mayar da shi inda yake a gaban taga. Marka takan yi kwana huɗu tana zagaye shi daga nesa tana harararsa, a na biyar sai in tarar da ɗan kifin da na bari a ciki ya ɓace.